Rasuwar Kakarmu da Addu'ar Bakwai

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga waɗanda labari bai riska ba, Allah Ya yi wa kakarmu Inna rasuwa, tana da shekara sama da 90. An yi jana'izarta a Kano.

Da yawa cikinmu a hannunta muka faɗo duniya, don ungozoma ce, ba ta taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. A 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, mutane suka tsorata ƙwarai. Da aka dawo da shi a 2004, ita ce ta riƙa shiga gida gida tana lallashin iyaye mata, ta fara da jikokinta a gaban kowa. Wannan aikin nata ya fi tsaya mini a rai. Allah kuwa Ya nuna mata 2020, shekarar da aka tabbatar an kawar da cutar a Najeriya.

Za a yi addu'ar bakwai ranar Asabar bayan La'asar a gidanta. Mata su shigo tun da hantsi saboda girki. Na nesa, a sa ta a addu'a. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.