Godiya ga masu shagon ɗura gas na bakin tasha

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shagon ɗura gas da ke bakin tasharmu, da yaransa da ke tsaye a kan sikeli tun hantsi har magariba. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu manoman rani na fadamun Auyo da Kafin Hausa, tare da masu shayi da mata masu abincin sayarwa da ke kawo muku tukwanen gas, mun ga ya kamata mu yi muku godiya a bainar jama'a. Yabon gwani ya zama dole. Kuma muna so wanda ke ɗura gas a wani gari ya karanta, ya san abin da zai riƙa dubawa a wurin da yake zuwa.

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, manoma da yawa suka sauya wa injin ban ruwa kafireta don ya riƙa shan gas. Tukunyar da a da sai a kicin ɗin matan birni ake ganinta, yanzu ga ta a bakin rijiya, tsakiyar albasa da alkama. Masu ɗurawa ma suka yawaita, kowa da sikelinsa da tiyonsa a ƙarƙashin rumfa. Sai dai ba duk mai tiyo ne ya san aikin ba.

Abin da ya fara jawo mu wurinku shi ne sikeli. Fuskarsa tana kallon mai saye, kuma yaronku ba ya ɗora tukunya sai ya nuna cewa yana kan sifiri. Daga nan ya duba wuyan tukunya ko marikinta, inda kamfani ya buga nauyinta ba komai a ciki, galibi bayan haruffan TW. A ce an buga 13.4, aka ɗora ta sikeli ya nuna 14.9. Ke nan akwai sauran gas kilo ɗaya da rabi, kuma na mai tukunya ne, ya riga ya biya kuɗinsa. Tukunyar kilo 12.5 ce, saboda haka za ta tsaya a 25.9, mai ita ya biya kuɗin kilo 11 kacal. A wasu wuraren wannan kilo ɗaya da rabi shiru ake yi a kansa, mutum ya biya kuɗin cikakkiyar tukunya ya tafi yana godiya.

Akwai wani ƙaramin abu da sai wanda ya daɗe yana ɗura gas yake lura da shi. Bakin tiyon da ake ɗurawa da shi ƙarfe ne mai nauyi, kuma muddin yana maƙale a kan tukunya, sikeli yana lissafa wani ɓangare na nauyinsa. Idan aka karanta lamba a wannan hali, an ci mai saye ba tare da ya sani ba. Ku sai kun cire tiyon, tukunya ta tsaya ita kaɗai, sannan ku ce mutum ya karanta da idonsa. Mai kokwanto ma ba ku jin haushinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkar da aka auna mata lita 20 ya kamata ta nuna kilo 20 da ɗan nauyin jarkar, kuma kun bar kowa ya gwada sikelin da ita in ya ga dama.

Amma in za mu faɗi gaskiya, Alhaji, abin da ya fi sa mu rubuta wannan wasiƙa shi ne yawan cewa a'a da kuke yi. Mai ciniki da zai ga kuɗi a hannu ya mayar da shi, ba kullum ake samunsa ba.

Na farko, ƙari. Mu manoma mun fi kowa roƙon a ɗan ƙara, tunda gona da nisa kuma ba wanda ke son dawowa gari ana tsakiyar ban ruwa. Ba ku taɓa wuce abin da aka rubuta ba, kuma kuna yin bayani. Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa-ruwa yake, haɗin butan da furofan ne da aka matse. Tukunyar kilo 12.5 tana da ciki na kusan lita 26, amma gas ɗin da ake zuba mata bai wuce lita 22 zuwa 24 ba. Sararin da ya rage a sama da gangan aka bar shi, domin ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha ninki goma ko sama da haka. Wanda ya san ranar watan Afrilu a ƙasar Haɗejiya, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da ake nufi. Tukunyar da aka cika maƙil da sanyin safiya, aka ɗaure ta a bayan babur, ta wuni a rana, ba ta da inda gas zai faɗaɗa. Manyan tukwane suna da ɗan bawul da ke saki idan matsi ya yi yawa, to sakin nan ma gas ne ke fita kusa da inji mai zafi. Ƙananan da ake ɗaura wa murhu a ka kuwa, da yawansu ba su da shi ma. Idan hannun yaro ya zarce aka wuce ma'auni, mun ga kuna rage gas ɗin kafin tukunya ta bar shago.

Na biyu, tukunyar da ta gaji. Kafin a sa tiyo, yaronku yana karkata ta ya leƙa gindinta, domin nan tsatsa ke fara ci, musamman tukwanen fadama da ke wuni a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Fentin sama yana iya sheƙi alhali ƙasan ya zama ɓawo-ɓawo. Yana duba lotsawa, musamman wadda ta faɗo a kan layin haɗin ƙarfe, da alamar ƙuna, da bawul ɗin da ya karkace saboda faɗuwa daga babur. Wadda aka kai wa mai walda ya toshe mata huji, ko kallo na biyu ba ta samu. Sannan shekarar ƙira: ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ce a sake gwada tukunya duk bayan shekara 5, a daina aiki da ita idan ta kai 15. Tukwanen gwanjo da aka shafe musu lamba da sabon fenti, su ma kuna mayar da su. Masu su kan yi fushi a ranar, wani har ya ce ai can gaba za a ɗura masa, kuma za a ɗura masa ɗin. Duk da haka ba ku sauya magana, kuma ba ku wulaƙanta mutum. “Baba, ku yi haƙuri, wannan ta gama aikinta,” shi ne iyakar abin da ake ji daga bakin yaran.

Sabuwar tukunya ma tana da nata aikin. Tana zuwa da iska a ciki, idan ba a fitar da ita a ɗurin farko ba, wuta ta riƙa tsalle tana mutuwa, mai ita ya ɗauka gas ɗin ne ba kyau. Kuna fitar da ita can gefe a fili, nesa da layi.

Bayan an ɗura, ba a miƙa wa mutum tukunya sai an shafa kumfar sabulu a bakin bawul da inda ya shiga wuyan tukunya. Idan kumfa ta fara tasowa tana girma, akwai yoyo. Mafi yawan lokaci laifin 'yar robar nan ce baƙa da ke cikin bakin bawul, wadda kan gas, wato abin da ke haɗa tukunya da tiyo, ke zama a kanta. Zafi da ƙurar hunturu suna busar da ita ta tsage, ko ta faɗi ba a sani ba. Abu ne da bai kai girman zobe ba, amma shi ke sa a ɗaura kai a ji “sss”, a yi ta dannawa da dutse ko a naɗe da leda, wanda duk wasa da rai ne. Kuna da su a cikin gwangwani a gefen sikeli, kuna sauyawa nan take, sau da yawa ma ba ku karɓar ko sisi. Matanmu masu abinci sun ce lallai a ambaci wannan. Sun kuma ce a gode wa yaron da ke yi musu bayanin cewa gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in an ji warinsa a ɗaki sai a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana don neman inda yake fita. Warin nan ma da gangan ake sa masa don a gane yoyo.

Wajen injin ban ruwa ne shawararku ta fi yi mana amfani, domin masu sayar da kafireta su dai su ɗaura su karɓi kuɗinsu. Matsalar da ta fi damun manoma ita ce inji ya tashi lafiya, ya yi aiki na ɗan lokaci, sai ƙarfinsa ya ragu, ruwa ya tsinke, a taɓa tukunya a ji ta yi sanyi ƙalau, raɓa ta lulluɓe ta daidai inda gas ya tsaya, wani lokaci har da farar ƙanƙara. Mutum ya girgiza ya ji akwai gas, sai ya fara zargin mai shago. Dalilin kuwa, kafin ruwan gas ya zama tururin da inji ke sha, sai ya ja zafi daga jikin tukunya. Inji yana zuƙa da sauri fiye da murhu, ƙaramar tukunya ta kilo 3 ko 6 ba ta iya mayar da zafin da take rasawa, sai matsin ya faɗi. Da asubahin hunturu abin ya fi muni, tunda butan ba ya tashi da kyau idan sanyi ya yi yawa. Kun ce a yi amfani da ta kilo 12.5 ko wadda ta fi ta, in ta fara raɓa a tsayar da ita cikin baho mai ruwan rijiya zuwa rabinta, a goge gindinta idan an tashi saboda tsatsa. Kun hana abubuwa biyu da wasu ke yi: hura wuta kusa da ita don ta yi ɗumi, da kwantar da ita a gefe. Idan ta kwanta, ruwan gas ne ke shiga kai da tiyo maimakon tururi, kuma lita ɗaya ta ruwan nan tana zama tururi kusan lita 250.

Tsarin tayarwa da kashewa ma daga wurinku da yawanmu suka ji shi daidai. A rufe famfon fetur, a bar abin da ya rage a kafireta ya ƙone ko a tsiyaye shi, a buɗe tukunya, a ɗan danna maɓallin da ke tura gas, a bar cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga inji, a buɗe domin gas ba ya buƙatarsa, sannan a ja igiya. Wajen kashewa a fara rufe tukunya, inji ya shanye abin da ke cikin tiyo ya mutu da kansa. Tukunya ta zauna nesa da salansa gwargwadon tsawon tiyo, a inuwa. Tiyon kuma ya zama na gas, mai kauri, da kilif a kowane baki. Tiyon ruwa mai haske da wasu ke sawa saboda araha yana taurarewa ya tsage, igiyar roba ta tayar babur kuwa ba ta maye gurbin kilif. Man inji ya kan daɗe bai yi baƙi ba idan inji na shan gas, kun ce kada hakan ya ruɗe mu mu daina juye shi a kan lokaci.

Masu shayi kuma sun gode da bayanin jar wuta mai baƙanta gindin buta. Sau da yawa ƙura ko madarar da ta zube ce ta toshe hujin murhu ko mashigar iska. A wanke, a busar, wuta ta dawo shuɗiya.

Tsarin filin shagon ma abin a yaba ne. Babura suna tsayawa daga waje a kashe, ba a shiga da sigari, ba a amsa waya a bakin sikeli, mai gasa masara da ke kusa an lallashe shi ya matsa gaba. Na'urorin kashe gobara masu hoda suna rataye inda hannu zai kai, allurarsu tana kan kore, ga bokitan yashi, ga takardar izinin hukumar kula da harkar mai da gas, NMDPRA, a bango. Layi ɗaya ne ga mai kilo ɗaya da mai kilo hamsin. Idan farashi ya tashi kuna rubutawa a allo tun kafin mutum ya sauke tukunya, idan ya sauka ma kuna saukewa, wanda shi ne ba a cika gani ba. Yaron da aka aiko daga gida ana rubuta masa nauyin farko da na ƙarshe a takarda ya kai wa uwarsa. Idan za a ɗaure tukunya a babur, yaranku suna taimakawa a tsayar da ita, bawul a sama, a ɗaure ta tamau.

Muna da roƙo guda biyu, Alhaji. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ban ruwa ya kankama, a taimaka a riƙa buɗewa bayan sallar asuba, domin manomi yana so rana ta fito masa a gona, kuma ɗuri da sanyin safiya ya fi sauƙi ga kowa. Sannan a ƙaro sikeli na biyu saboda ranar kasuwa, a ware shi ga ƙananan tukwane, don kada mai shayi da 'yar tukunyarsa ta kilo 3 ya tsaya bayan manyan tukwane goma alhali butarsa na jiransa. Idan kuma da hali a riƙa kawo tiyon gas da kilif masu kyau a shagon, za mu huta da zuwa Haɗejiya nemansu.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa albarka a kasuwa, Ya tsare ku da yaranku daga gobara da asara.

Wassalam.

Naku,
Manoman rani, masu shayi da masu abincin sayarwa da ke ɗura gas a wurinku.