Sun samu labarin 'yar aikatau, sun zubar da shi a ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abun da ke cina a rai game da wani fim ɗin tsoro na Hausa da na kalla a YouTube satin da ya wuce. Ba zan kama sunansa ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba.

Wallahi mintuna ashirin na farko sun kama ni. Yarinya ce ƙarama aka ɗauko daga ƙauye aikatau, dillaliya na karɓe kuɗin wata, ita kuma tana kwana a kicin kan tabarma kusa da buhun gawayi. Ran nan sarƙar Hajiya ta ɓata aka ce ita ce, aka kulle ta a sito ba ci ba sha har rai yayi halinsa, aka aika wa uwarta cewa zazzaɓi ne aka haɗa da turmin atamfa. Akwai inda aka nuna kwanon silbarta a bakin famfo ba mai ɗauka, a nan ƙanwata ta fara share hawaye don mu ma a layinmu mun san irin yaran nan, muna ganinsu da asuba suna wanke-wanke sa'o'insu na tafiya makaranta. Tun 2003 Najeriya ke da dokar kare haƙƙin yara amma ga su nan.

To daga fatalwar ta dawo ɗaukar fansa sai komai ya watse. An shafa mata farar hoda, ana ta ƙyaƙyata dariya ba dalili, jinin kamar zoɓo, ga sauti mai fasa kunne duk bayan minti biyu, kuma ana tsaka da tashin hankali sai aka sako waƙar soyayya ta ɗan gidan da budurwarsa har da canza kaya. Ta kashe maigadi, ta kashe direba, mutanen da ba ruwansu, talakawa irinta!

Na san za a ce ba kuɗi, kasuwar faifai ta mutu. Gaskiya ne, amma a Amurka an yi fim ɗin tsoro mai suna Paranormal Activity a 2007 da kusan dala 15,000 a cikin gida ɗaya, ƙofa ce kawai take motsi da daddare mutum ya kasa barci. Mu ma da ƙarar wanke kwanuka aka riƙa ji daga kicin ƙarfe ukun dare, Hajiya ta leƙa ba kowa, ya isa. Wannan zama ne da tunani wajen rubutu, ba ya cin ko sisi.

Abun da ya fi ƙona min rai shi ne ƙarshen. An kira malam yayi ruƙiyya ya kori fatalwar, kowa na hamdala, Hajiya ta yi kukan minti ɗaya shikenan. Ba 'yan sanda ba kotu, uwar yarinyar ma ba a sake nuna ta ba, har fim ya ƙare tana can tana zaton zazzaɓi ne ya kashe mata 'ya. Wadda aka zalunta ita ta koma abar tsoro da ake neman tsari da ita.

Ina roƙon marubutan Kannywood wani ya sake ɗaukar labarin nan, wannan karon a bar uwar ta shigo gidan ta ga sito ɗin da idonta.

Naku, mai karatu daga Kano