A Riƙa Rubuta Sunan Mai Zane

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina neman fili in yi magana a kan masu zanen littattafan labari cikin hotuna.

Yaranmu a Kano sun san Captain America, sun san Black Panther, har riguna masu hotonsu ake saya musu a Sabon Gari. Ka tambaye su wanda ya fara zana su, sai ka ji shiru. Sunansa Jack Kirby. An haife shi a New York a 1917, ɗan talakawa ne, mahaifinsa ma'aikacin masana'antar ɗinki. A 1940 shi da abokin aikinsa Joe Simon suka ƙirƙiro Captain America. Ya je Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya ci gaba da riƙe fensir. Tare da marubuci Stan Lee ya fito da Fantastic Four a 1961, sai Black Panther a 1966, sarkin wata ƙasar almara a Afirka, a zamanin da da wuya a ga baƙar fata a matsayin jarumi cikin irin waɗannan littattafai.

Abin da ke damuna shi ne a shekarun 1960, a Marvel, kamfanin da ke buga littattafan, shafi-shafi ake biyansa, ba shi da kaso cikin ribar. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Takardun da ya zana da hannunsa ma sai da aka kai ruwa rana kafin Marvel ta mayar masa da wani ɓangare a 1987. Ya rasu a 1994, kuma sai a 2014 magadansa suka sasanta da kamfanin kan haƙƙin mallakar jaruman da ya zana.

Mu ma muna da namu. Littattafan soyayya da suka mamaye Kano tun shekarun 1980, da yawa da hannu aka zana bangonsu, kuma bangon ne ke fara jan mai saye. Marubuta sun yi suna, masu zanen kuwa wa ya san su? Wallahi abin yana min ciwo.

Malam Edita, ku nemo dattawan nan ku yi hira da su tun suna raye. Ku ware wa matasa shafin labarin zane duk mako, a rubuta sunan mai zanen ƙuru-ƙuru, a biya shi haƙƙinsa, a mayar masa da takardarsa bayan an buga.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Fagge, Kano