Jinkirin haihuwa: maigida ma ya zo a duba shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu in yi magana da mazanmu, musamman na nan Gadarif da Kassala da Mai Wurno.

Ni ungozoma ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk gidan da haihuwa ta yi jinkiri, mace kaɗai ake kawo mini. Uwar miji ce ke riƙo hannunta, ga galan ɗin jiƙo, ga kwalbar rubutu a jaka, yarinya duk ta rame don an fara raɗa cewa juya ce. In na ce ina maigidan, sai a ce yana gona, ai lokacin yankan riɗi ne.

Jama'a, ciki ba ya shiga sai abu biyu sun haɗu. Mace takan saki ƙwai sau ɗaya a wata, wajen kwana 14 kafin al'adarta ta gaba, kuma ƙwan ba ya wuce awa 24 da rai. Maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 a jikinta yana jira. A bututun da ke kai ƙwai mahaifa suke gamuwa, bayan kamar mako guda abin ya sauko ya kama bangon mahaifa. In ƙwayoyin maniyyi sun yi ƙaranci ko ba sa motsi, ko da lafiyar mace ƙalau take, shiru za a ji. Haka mijin da ke nema a Jidda, sai shekara-shekara yake leƙo gida, yana iya zuwa ya koma bai dace da waɗannan kwanaki ba. Suratul Insan ma ta gaya mana daga ɗigon ruwa gauraye aka halicci mutum.

A kusan rabin ma'auratan da ke wannan fama, akwai matsala ta wajen namiji. Masu sakin mace don tana haifar 'ya'ya mata su ma su sani, ƙwayar uba ce sanadin namiji ko mace. Allah ne mai bayarwa.

In an shekara tare babu ciki, ku je wurin likita ku biyu. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da arha, ba allura ba tiyata. Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a masallaci, don maganar ungozoma ba ta kai zauren maza.

Wassalam.

Wata ungozoma,
Gadarif, Sudan