A bar kalmomin Henley su fito fili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili.

Ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini waƙar da shi da abokansa suka ɗora wa kiɗan rok. Invictus ce, ta marubucin waƙoƙin Turanci William Ernest Henley, wadda na daɗe ina koyarwa a aji. Henley ya rubuta ta a 1875 yana kwance a asibiti a birnin Edinbara na Sikotland. Cutar tarin fuka ta shiga ƙashinsa har an yanke masa ƙafa ɗaya, likita Joseph Lister na ƙoƙarin ceto ɗayar. Baiti 4 ne kacal.

Ban ƙi kiɗan ba, ai mu ma rubutacciyar waƙa rerawa ake yi. Amma jita da ganguna sun danne baitin farko, sai da na saurara sau uku kafin na tsinci kalmomin. Na ce wa ɗana su buga son ransu a baitin ƙarshe, amma farkon muryar majinyaci ce cikin dare, su sassauta hannu. Ya yi alkawarin za su sake ɗauka.

Naka,
Malamin adabi mai ritaya, Zariya