Kafin mu malale gindin itatuwa da siminti, mu gwada liriyofi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna a unguwanninmu na Kaduna, wato yadda muke rufe ƙasar gidajenmu kaf da siminti ko intalok, har zuwa gindin itatuwan da muka tarar iyayenmu sun dasa.

Ban ga laifin masu yin haka ba, domin na san abin da ya kai su. Duk wanda yake da mangwaro ko darbejiya a tsakar gida ya san ciyawa ba ta yin albarka a ƙarƙashinsu. Kirikiri, wadda mutane da yawa suke dasawa a harabar gida, rana take so. Idan inuwa ta yi mata yawa sai ta ƙanjame, ta bar ƙasa tsirara. Da hunturu wannan ƙasa ta zama ƙura tana shiga ɗakuna, da damina kuma ta zama taɓo, ruwan indararo yana zaizayar ta har saiwoyin itacen su fito fili. Daga nan sai mai gida ya gaji, ya kira magini. Sai dai simintin nan shi ne yake shan rana a watan Maris da Afrilu, ya riƙa mayar mana da zafinta har tsakar dare, kuma shi ne yake hana ruwan sama nutsewa. Garin nan yana samun ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma idan kowane gida ya kora nasa zuwa titi, magudanun ruwa ne za su cika, mazauna kusa da Kogin Kaduna su kwana cikin fargaba.

Akwai wata shuka da na gwada a gidana, wadda nake ganin ta cancanci a san ta. Masana tsirrai suna kiranta Liriope, ni kuwa liriyofi nake ce mata. Asalinta daga gabashin Asiya ne, ƙasashen Sin da Japan da Koriya, kuma an daɗe ana dasa ta a kudancin ƙasar Amurka a gefen hanyoyi da ƙarƙashin itatuwa. Wanda ya gan ta daga nesa zai ɗauka ciyawa ce, saboda ganyenta siriri ne mai tsawo, yana fitowa cunkus daga gindi ɗaya ya lanƙwasa, alhali kuwa ba dangin ciyawa ba ce. Tsayinta yana tsayawa tsakanin santimita 30 zuwa 45, ganyenta kore ne shar duk shekara, kuma tana fitar da ƙananan furanni masu launin shuni a kan ɗan siririn kara, waɗanda daga baya suke zama baƙaƙen 'ya'ya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tana jure inuwa, tana kuma iya zama tare da saiwoyin babban itace ba tare da sun kashe ta ba. A jikin saiwoyinta akwai wasu ƙananan ƙulli-ƙulli masu nama, waɗanda suke taimaka mata ta jure ƙarancin ruwa idan ta riga ta kafu.

A nan ne nake so masu karatu su yi hattara, domin liriyofi iri biyu ce aka fi sani, kuma halinsu ya bambanta ƙwarai. Wadda ake kira Liriope muscari tana zama a inda aka dasa ta, gindinta yana ƙara faɗi a hankali. Ɗayar kuwa, Liriope spicata, tana tura jijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo a inda ba a gayyace ta ba, har ta kai a wasu sassan Amurka ana lissafa ta cikin tsirrai masu mamaye wuri. Mai ƙaramin gida ya nemi ta farko. Ta biyun ba ta dace ba sai a wurin da aka kewaye da daɓe ko bulo ta kowane ɓangare, kuma ba na goyon bayan a dasa ta kusa da fadama ko bakin rafi, inda za ta iya kuɓucewa daga hannun mai ita. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu mai suna Ophiopogon, wadda ganyenta ya fi siranta, ita ma mai son inuwa, kuma sau da yawa akan rikita su.

Ni a farkon damina na dasa tawa, bayan ruwa ya zauna, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan, domin sama ce za ta yi maka ban-ruwa na watanni. Na sassauta ƙasar da fartanya a hankali don kada in sare saiwoyin mangwaron, na gauraya ta da ruɓaɓɓen takin shanu, sannan na jera tsirran da tazarar kamar santimita 30. Kuskuren da na yi shi ne na binne wasu da zurfi, ƙasa ta rufe wuyansu, wato inda ganye ya haɗu da saiwa, kuma a ruwan Agusta waɗannan suka ruɓe. Haka ma waɗanda suka faɗa a wani ɗan kwari inda ruwa yake kwanciya. Shukar nan tana haƙuri da abubuwa da yawa, amma ba ta haƙuri da ruwan da ya kwanta a gindinta. A shekarar farko sai da na yi ta cire ciyayi a tsakaninsu, kafin ganyen ya haɗe ya rufe ƙasa. Daga baya aikin ya ragu matuƙa: sau ɗaya a shekara, dab da saukar ruwan farko, nakan sa almakashi in rage tsohon ganyen da ya ƙone, kuma idan wani gindi ya cika da yawa sai in haƙo shi in raba gida uku ko huɗu in dasa a wani wuri. Da haka ne maƙwabtana biyu suka samu nasu ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Ba zan ɓoye iyakarta ba, domin wanda aka yi wa alkawarin shukar da ba ta buƙatar komai zai yi fushi a watan Fabrairu. Ranin Kaduna yana da tsawo, kuma yankunan da ta saba tsirowa ba su saba da watanni biyar babu ɗigon ruwa ba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ina ba ta ruwa kamar sau ɗaya a mako, galibi ruwan alwala da na wankin kayan miya da muke tarawa a bokiti, ban da mai sabulu. Inda rana take dukanta kai tsaye da la'asar, bakin ganyen yakan ƙone, don haka a inuwa ko inuwa-inuwa ta fi kyau a wurinmu. Furen ma bai yi yawa a gidana ba, ganyen ne abin moriya. Ba a kuma taka ta kamar filin ƙwallo. Wurin wasan yara da wurin shimfiɗa tabarma a bar su daban. Dodon-koɗi yakan ci ganyenta da damina. Batun maciji kuwa, wanda shi ne tambayar farko da kowane baƙo yake yi mini, gaskiya ne duk wani duhuwar ganye yana iya zama maɓoya, shi ya sa na bar tazara tsakaninta da bangon ɗaki, ban kuma yarda a tara itace ko shara kusa da ita ba.

Roƙona na farko ga masu sayar da furanni ne a gefen titunan garin nan: su riƙa sanin ainihin irin da ke hannunsu, su gaya wa mai saye ko mai zama ce ko mai yaɗuwa. Na biyu kuma ga Kwalejin Tarayya ta Aikin Gandun Daji da ke Afaka, wadda take nan kusa da mu. Abin da na faɗa gwajin gida ɗaya ne kawai. Da malamai da ɗalibanta za su dasa liriyofi a fili guda tare da tsirranmu na gida masu son inuwa, su auna ruwan da kowace take sha da rani, su duba yadda take yi da gara, sannan su bayyana sakamakon da Hausa a rediyo da jarida, da magidanta sun samu abin dogaro kafin su yanke shawarar kiran magini.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Malali, Kaduna.