Godiya ga ofishin Hajiya na Agege bayan dawowata daga Zanzibar

Assalamu alaikum. Zuwa ga Hajiya, mai ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Agege, tare da ma'aikatanta.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne saboda yawancin 'yan'uwanmu mazauna Legas da tikitin Umara da na jirgin Kano kaɗai suka san ofishinki. Ni kuwa abin da kuka yi mini ya wuce yankan tikiti, kuma yaba kyauta tukwici.

Sana'ata albasa ce a kasuwar Mile 12. Da likita ya matsa mini in bar kasuwa in je in huta, na ce Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, nake son gani, kuma ni kaɗai, sai da abokai suka yi mini dariya. Wasu suka ce wurin Turawa ne da amare, wasu suka ce za a wanke ni tas a ƙasar da ba na jin yarenta. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya daɗe a Legas, ya san motar 'yan wan-cans masu yi wa fasinja fashi, ya ga yadda ake yi wa baƙo a Oshodi, idan mutum ya yi masa murmushi haka kawai aljihunsa yake fara dafewa.

Zancen takardu ba zan ja shi ba, don kun gama shi ba tare da kun wahalar da ni ba. Yaron ofishinki ya faɗa mini tun farko cewa bizar Tanzaniya ga mai fasfon Najeriya ba a filin jirgi ake karɓarta ba, sai an nema da wuri an jira amincewar hukumar shige da ficensu. Ya duba katina na rigakafin cutar shawara. Ya kuma biya mini inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun watan Oktoban 2024. Kuɗin jirgi daban, ladan ofis daban, kowanne da rasidinsa. Na tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed, muka yada zango a Addis Ababa, na sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zaman da kika yi da ni ana gobe zan tafi. Na zata za ki ce kada in yarda da kowa, kamar yadda kowa ya ce. Sai kika ce wanda ya tafi da wannan tunanin gara ya zauna a gida, don daga otal sai otal zai yi ya dawo. Kika ce in amsa gaisuwar kowa, in zauna inda aka yi mini tayin zama, in sha abin da aka ba ni a gaban jama'a. Amma duk wanda ya kawo maganar kuɗi, ko jirgin ruwa ne ko mota ko yawon gona, kada in ƙi kuma kada in biya. In ce masa ya same ni a masauki mu ƙarasa magana gaban maigidan.

Nan take na gane, domin tsarinmu ne na fatauci. Baƙon da ya kawo kaya Mile 12 ba ya sayarwa sai ta hannun dillalin da kasuwa ta sani, haka ma fataken goro na da ba sa ciniki sai da fatoma, wato mai masaukinsu, a tsakani. Baƙo ko da ido makaho ne, amma in yana da maigida ya sami ɗan jagora. Ke kuma ba ki tsaya a baki ba, kin haɗa ni da wani dattijo mai ƙaramin masauki a tsohon garin Zanzibar da ake kira Stone Town, wanda kika taɓa tura wa mutane, kika kuma ba babban ɗana lambarsa.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda na zata. A bakin teku samari sun yi ta tare ni da tayin kai ni tsibirin Changuu, inda manyan kunkurun nan suke. Kowa na faɗa masa abin da kika koya mini. Wasu suka yi dariya suka wuce, ban sake ganinsu ba. Wani ya zo bayan La'asar, ya gaida maigidan da sunansa, aka yanka farashi, aka ce rabi yanzu, rabi in mun dawo. Shi ya kai ni, ya sa mini rigar kariya da hannunsa da ya ji ban iya ruwa ba, ya dawo da ni lafiya. Ban ce waɗanda ba su zo ba duk macuta ne, wataƙila wani ya sami fasinja mai saurin biya. Ni dai ban yi rigima da kowa ba, ban kuma wulaƙanta kowa ba.

Da hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren, sai na sami damar ganin mutane. Lungunan tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, mota ba ta shiga yawancinsu, kuma duk sun yi kama da juna. Bayan wata sallar Magariba na fito masallaci ina waige-waige, wani tsoho ya lura da kaftanina ya kama hannuna. Ba Hausa, ba Turanci, ɗan Larabcin makarantar allo ne ya haɗa mu. Ya zaunar da ni a kan dakali cikin abokansa, aka zuba mini baƙin gahawa a ɗan ƙaramin kofi, sannan ya raka ni har ƙofar masauki. Da na sa hannu aljihu sai ya ɓata rai. A Legas da wuya in bi mutumin da ban sani ba cikin lungu da dare, amma wannan a sahu ɗaya muka yi salla, kuma duk wanda muka wuce sai ya gaishe shi.

Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, 'yan Shafi'iyya, don haka za ka ji liman ya bayyana Bisimilla, a Asuba kuma a ɗaga hannu a yi ƙunuti a fili. Kun faɗa mini wannan, kamar yadda kuka faɗa mini agogonsu. Ban da awa 2 da suke gaba da mu, su daga wayewar gari suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Yaron ofishinki ya ce duk wanda ya ba ni lokaci in nuna masa fuskar agogona mu daidaita. Wannan kaɗai ta isa a yi masa ƙarin albashi, Hajiya.

A gabashin tsibirin, wajen Jambiani, na ga abin da bakin tekun Bar Beach na Legas bai taɓa nuna mini ba. Teku takan janye ta yi nisa har mata su shiga su kula da ciyawar ruwan da suke nomawa a jikin igiyoyi. Na bi rairayi ina ta tafiya, sai wani masunci ya ɗaga murya, ya nuna mini ruwa, ya nuna gaɓa. Ban tsaya tunanin ko kuɗi yake nema ba, na bi bayansa. Kafin in gama sa takalmi, wurin da nake tsaye ɗazu ya shafe. Ashe kusan kowace awa shida ruwan yake juyawa, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Kwakwa ɗaya muka sha tare, ita ma da ƙyar ya bari na biya.

A matsayina na ɗan kasuwa, kasuwar Darajani ta fi burge ni a kan wuraren da ake kai baƙi. Na ga kanumfari ɗanye a jikin bishiyarsa a wata gona, abin da muke saye busasshe a ƙulle a leda, aka ce mini mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake fitowa. Albasarsu dai ba ta kama ƙafar ta Aliero ba, ko a gaban wa zan faɗa. Abincin dare na lambun Forodhani yana da daɗi, sai dai a tambayi farashi kafin a ɗora a wuta, kuma mai son yaji ya tafi da nasa. Na kuma je cocin Angilika da aka gina a wurin kasuwar bayin da aka rufe a 1873. Wurin ba na shaƙatawa ba ne, amma bai kamata a tsallake shi ba.

Uwargida ta ce in isar da tata godiyar musamman. Ranar da wayata ta mutu ta kasa samuna, ke ta kira da dare, kika ɗauka, kika nemo maigidan masaukin, kika dawo mata da labarin cewa ina barci. Ba ya cikin abin da na biya.

Roƙona ɗaya ne. Bayanin nan da kika yi mini da baki, a rubuta shi da Hausa a 'yar takarda a riƙa ba matafiya, don ba kullum za su tarar da ke a ofis ba. Akwai mutum biyu a layinmu da suka fara tambayata, na ce su zo wurinki bayan Salla. Ɗayansu kurma-kurma ne, sai a yi haƙuri a ɗaga masa murya.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a, ya saka wa ma'aikatanki da alheri. Buhun albasa na nan tafe ranar Asabar, kada a mayar mini da shi.

Naku,
Wani ɗan kasuwar albasa, Mile 12, Legas.